Mai Danna Maɓalli

Tun da Dogo ya ɗauke ƙafa, Auta ta koma aiki da madubi.

Gyaran sanyin mota aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna a ciki ya danna maɓallin esi, ɗaya ya sunkuya gaban inji ya ga ko kulocin kwamfireso, wato na'urar da ke samar da sanyin, zai kama. A da Baba ne ke sunkuyawa, ita kuma ta danna in ta taso daga jami'a. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a gida, sai ta koma gaban injin, kujerar ciki ta zama ba kowa.

Ana haka Dogo, mai kemis ɗin bakin titi, ya kawo motarsa gyara. An gyara, amma bai daina zuwa ba. Da ya rufe kemis da azahar sai ya naɗe dogayen ƙafafunsa cikin motar mutane, ya leƙo da kai yana cewa, "In danna, ranki ya daɗe?"

Duk wannan ya wuce. Ummansa ta rantse ba za ta haɗa zuri'a da macen da ke wuni a ƙarƙashin mota cikin maza ba. Dogo ya zo sau ɗaya bayan nan, ya tsaya daga bakin ƙofa kamar mai tsoron taka bakin mai, ya ce in ta rufe garejin Umma za ta sauko. Auta ta ce ba za ta iya ba. Ya tafi, shiru kake ji.

Shi ya sa ta samo madubin wata tsohuwar babbar mota ta ɗaure shi a jikin sanda. Sai ta kafa shi gaban inji, ta zagaya ta shiga mota, ta danna, ta miƙa wuya tana leƙen kulocin ta cikinsa. In iska ta karkatar da sandar, ta fito ta gyara, ta sake komawa. Wuni guda tana shiga tana fita, ba ta da abokin magana sai fankar da ke gurnani a saman bencin Baba.

Ranar ma tana cikin daidaita sandar ne Mai Kayan Gyara ya tsallako daga shagonsa, yana kaɗa makullai a yatsa.

"Injiniya, har yanzu ke da wannan mijin naki na sanda?"

"Ina wuni, Yallaɓai."

"Lafiya lau. Ni dai na gaya wa gwaggonki, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ɗaura mana aure, shagona da garejinki su zama ɗaya, ke ki zauna a ofis ƙarƙashin sanyi. Gyara ma na mene ne? Abu ya lalace, a cire a sa sabo. Haka ake yi wa kwamfireso, haka ake yi wa saurayi."

Auta ta sunkuyar da kai tana goge sifana. Ta san Gwaggo ta riga ta ba shi fuska, don ko jiya sai da ta yi mata wa'azin cewa mace ba ta jiran wanda uwarsa ta ƙi ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

"Allah ya ba da kasuwa, Yallaɓai," ta ce.

Ya yi dariya ya juya. Bai kai ga tsallaka titi ba wata farar mota ta shawo kwana da gudu, har sai da ya yi tsalle gefe.

Tun kafin ta ɗago ta gane ƙarar injin.

Dogo ne ya fito, rigarsa ta manne da bayansa saboda gumi. Ya rame. Bai yi sallama ba, ya mayar da hannu kan makulli zai kashe motar.

"Kada ka kashe," ta ce da sauri.

"Auta, Umma ce. Daga wankin ƙoda muke, sanyin ya ɗauke a cikin cunkoso, numfashinta..."

"Na ce bar ta a kunne. Buɗe bonet."

Ta zagaya ta buɗe ƙofar baya. Zafin da ya bugo ta kamar an buɗe tanda. Umma na jingine, mayafinta ya zame, leɓunanta sun bushe, hannunta ɗaya naɗe da bandeji. Wannan ce matar da Auta ta daɗe tana jin tsoronta ba ta taɓa ganinta ba. Ashe 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta fi a ɗauke ta da hannu ɗaya ba.

Auta ta dubi tafin hannunta, baƙi ƙirin. Ta goge a jikin rigar aiki, bai fita ba.

"Umma, ki yi haƙuri da hannun, zan kama ki."

Tsohuwar ta buɗe ido ta dube ta daga sama har ƙasa. Ta gane ta, babu shakka. Amma mai neman numfashi ba ya zaɓen hannu. Suka kama ta su biyu har bencin Baba, wanda ba wanda ya zauna a kai tun kwanciyarsa. Auta ta juyo da fanka, ta jiƙa tawul mai tsabta ta ɗora mata a goshi, ta ɗauko ruwa.

"Likita ya ƙayyade mata ruwa," in ji Dogo. "Sai dai ta jiƙa baki."

Umma ta kurɓi kaɗan, ta rufe ido.

Auta ta koma gaban motar, don a nan ne kaɗai ta san abin da za ta yi da idanunta. Dogo ya biyo ta.

"Wurin makanikai biyu na kai motar," ya ce a hankali. "Na farko ya ƙara gas. Na biyu ya ce kwamfireson ne ya mutu, amma da ya kunna da safe sai ga sanyi kamar firji, ya ce to ba abin da ya same ta."

"Da safe suka duba?"

"Da safe."

"Ai ba ta nuna ciwonta da safe. Sai ta yi zafi." Ba ta kalle shi ba. "Ka gwammace ka zaga gari da ka kawo ta nan."



Bel ɗin na juya fulin kwamfireso, wato ƙarfen da yake zagaye a kai, amma farantin da ke gabansa, wanda shi ne kulocin, yana tsaye cak. Ta ciro fiyus ta ɗaga shi ga haske, lafiyarsa ƙalau. Ta sa fitilar gwaji a wayar da ke shiga kulocin, fitila ta kama. Wuta na zuwa ke nan. Sai ta juya guduma, ta kai ƙotar katakon ta ɗan ƙwanƙwasa farantin.

Ƙas.

Farantin ya manne, ya shiga juyawa. Injin ya sauya murya, ya yi nauyi.

Dogo ya zura hannu ta taga ya tara a bakin iska. Fuskarsa ta washe. "Ya dawo."

"Bai dawo ba, lallashinsa na yi. Farantin ya ci, ya yi nisa da maganaɗisun da ke jawo shi. In inji ya yi sanyi ƙarfin ya isa, in ya ɗau zafi ya kasa. Akwai washa, wasu siraran zobban ƙarfe, a bayansa, in na cire ɗaya zai matso. Kashe ta yanzu, sai ta huce zan iya sa hannu."

Ya kashe. Shiru ya sauka a garejin, sai ƙarar ƙarfe mai hucewa da gurnanin fanka. Ba abin yi sai jira. A da wannan jiran ne lokacinsu, shi a kan tsohuwar taya, ita a kan akwatin kayan aiki, yana ba ta labarin masu zuwa kemis su ce a ba su "irin ja ɗin nan na rannan". Yau tayar na nan, bai zauna ba.

Ya waiga ya ga idon Umma a rufe. Ya matso bayan bonet ɗin da ke tsaye ya kare su, ya rage murya.

"Auta, kin san ban yi barcin kirki ba tun ranar?"

"Ka rame."

"Ke ma. Ki saurare ni, wata dabara ce ta zo min yanzu. Kada ki cire washar."

Ta ɗago a karo na farko ta dube shi.

"Ki ƙwanƙwasa shi kawai kamar ɗazu, ya kai mu gida. Ranar asibiti mai zuwa zai sake ɗaukewa, kuma ta nan hanyarmu take. Dole in shigo da ita. Ta zauna a bencin nan, ki sa mata tawul, ta ga hankalinki. Yau da gobe ai sai ta saba da ke. Ni kuma in riƙa ganinki ba wanda zai ce na saɓa mata."

"Ta sake shiga wancan zafin ke nan."

"Na ɗan lokaci ne. Ina lura da ita, ni ma'aikacin lafiya ne. Da ya ɗauke zan juyo."

Auta ta dubi gudumarta. Abin kunyar shi ne, zuciyarta ta so. Zuciya ba ta da ƙashi. Har ta hango shi yana naɗe ƙafafu cikin motar yana tambayar ko ya danna, ta hango madubin nan a jefe bayan tayoyi. Ba wanda zai sani. Ƙwanƙwasa ɗaya ce da ƙotar guduma, ta ce an gyara.

Sai ta tuna nauyin tsohuwar a hannunta, yadda ba ta da nauyin komai.

"Ka ga leɓenta da kuka shigo?" ta ce.

"Auta..."

"Ka gani ko ba ka gani ba?"

Ya kau da kai.

Hawayen da take riƙewa suka zubo, ta bar su don hannunta ba na taɓa fuska ba ne. "Kullum in na ji mota ta rage gudu a ƙofar nan sai in ajiye abin da ke hannuna. Kullum. In zauna in ci abinci da wannan sandar a gabana kamar mahaukaciya. Gwaggo ta hana ni sakat, mutumin can na tsallaken titi ya mayar da ni abin tsokana. Ban taɓa cewa ka bijire wa Umma ba. Jira nake ka zauna gabanta ka gaya mata dalilina, da bakinka. Ka gaya mata?"

"Ba ta da lafiya, ba na son abin da zai tayar mata da hankali."

"Maganar gaskiya za ta tayar mata da hankali, amma ka gasa ta a mota ba zai tayar ba?"

Kamar ta mare shi. Idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

"Ba ki san yadda gidanmu yake ba. Ni kaɗai gare ta. In ta ce a'a, ban san ta inda ake fara cewa e ba. Ni dai in gan ki nake so, ko ta wace hanya."

"Ni ma ni kaɗai ce da Baba. Ka sani sarai. Duk yamma in na koma sai ya kama hannuna ya shinshina, ya tambaye ni motoci nawa, me ya same su. Shi ne kaɗai lokacin da harshensa ke sakewa. Ranar da na koma masa da hannu mai ƙamshin turare, ranar zai san an rufe shi da rai. Kuma yanzu kana so in koma in ce masa na ga ciwon mota na bar shi da gangan?"

"To in kin gyara ta, da wane dalili zan dawo?"



"In sai mota ta lalace za ka zo, Dogo, to ka huta."

Ta ja hanci ta juya ga akwatin kayan aiki.

"Je ka samo wa Umma ƙanƙara ta tsotsa. Akwai mai firji a bayan gidan mai."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sannan ya fita, kafaɗunsa a sanyaye. Ta bi dogon bayansa da ido har ya sha kwana.

Ta taɓa kwamfireson da bayan hannu. Ya huce. Ta riƙe farantin da ƙarfen riƙo, ta kwance notin tsakiya, ta lallaɓa shi ya fito. Ta kife shi a tafinta, washa biyu suka faɗo, sirara kamar ɓawon albasa. Ta ware mafi kaurin ta sa a aljihu. Ta goge fuskar farantin da ta fulin har tsatsar ta fita, ta mayar, ta ɗaure, ta zura ƙarfen awo a tsakani ta zagaya da shi ko'ina. Daidai. Hawaye na ɗiga a kan sifana, hannun kuwa bai yi kuskure ba.

Ta tayar da motar, ta bar ta tana aiki har allurar zafi ta hau inda take lokacin da suka shigo. Dogo bai dawo ba. Mai firjin ba shi da nisan haka.

Saura gwaji. Ta jawo sandarta ta kafa, ta karkata madubin, ta zagaya za ta shiga. Iskar fankar injin ta ture shi. Ta dawo ta gyara. Ya sake karkacewa.

"Wane maɓallin ne?"

Auta ta juya a razane. Umma ce tsaye, dafe da jikin motar, tawul a hannunta.

"Umma, ki zauna, jiri zai..."

"Na gaji da kallonki ke da sandar nan. Wanne ne?"

Ta buɗe mata ƙofar gaba, ta taimaka mata ta zauna, ta nuna mata. Sannan ta koma gaban inji ta sunkuya. Bakinta ya yi nauyi, don rabon da ta faɗi kalmar nan tun tafiyar Dogo.

"Danna, Umma."

Ƙas. Farantin ya kama da kansa.

"Kashe. Sake dannawa."

Ƙas.

Suka yi ta yi, tsohuwa na dannawa, yarinya na saurare, bai ƙi ko sau ɗaya ba. Auta ta sauke bonet, ta zo ta tsaya a bakin taga. Sanyi na kaɗa gefen mayafin Umma, ta lumshe ido tana shaƙa.

"Wannan gyaran, na yau ne kawai ko na gaske?"

"Na gaske ne, Umma. Zai daɗe. In farantin ya ƙarasa cinyewa nan gaba, shi kaɗai za a sauya, ba kwamfireson ba. Ko'ina za a iya yi, ba sai an zo nan ba."

"Ba sai an zo nan ba," Umma ta maimaita. Ta buɗe ido. "Ƙodata ce ta lalace, 'yar nan, kunnena lafiyarsa ƙalau. Bonet kuma ba bango ba ne."

Auta ta gane duk maganarsu a kunnen Umma aka yi ta. Ta sunkuyar da kai.

"Ba da mugun nufi ya faɗa ba, Umma. Rikicewa ce."

"Kada ki tare masa, ni na haife shi. Tun yana yaro in ya fasa kofi sai ya tura shi ƙarƙashin gado." Ta kalli garejin, bakin man da ke ƙasa, tayoyi, bencin. "Mahaifin naki, tun yaushe yake kwance?"

"An kwana biyu."

"Ba wanda ya gaya min." Ta gyara mayafi. "Kada ki ɗauka na sauya magana. Wurin nan bai yi min ba, har gobe ba zai yi min ba. Ban haifi ɗa don ya auro mai wuni cikin hayaƙi ba."

"Na sani, Umma."

"Amma na zaci ke ce za ki lalata min shi." Ba ta ƙarasa ba.

Dogo ya shigo da leda, rabin ƙanƙarar ya narke yana ɗiga a takalminsa. Ya ga mahaifiyarsa a kujerar gaba, ya ga bonet a rufe, ya ji injin. Ya dubi Auta, ya gane. Ya sa hannu a aljihu, ta girgiza kai.

"Shiga ka ja mu," in ji Umma. "Ni da kai akwai magana, kuma ba ta mota ba ce."

Ya shiga jiki ba ƙwari. Har motar ta fara ja da baya idonsa na kan Auta, kamar mai jiran ta ce wani abu. Ta sunkuya ta ɗauke sandarta. Gilashi ya ɗaga ya rufe su cikin sanyin da ta gyara musu, ita ta rage a cikin zafi. Daga bakin titi ta ji kulocin ya sake kamawa, sannan ƙarar ta ɓace cikin sauran motoci.

Mai Kayan Gyara na tsaye a ƙofar shagonsa yana kallo. Ta ja ƙyaure ta rufe tun lokacin tashi bai yi ba.

Da ta isa gida rana ta yi sanyi. Baba na kwance inda ta bar shi, fuskarsa ga taga. Ta durƙusa ta miƙa masa hannu. Ya kama da hannunsa mai lafiya, ya kai hanci, ya ja numfashi.

"Auta. Me... aka kawo?"

Ta ciro washar daga aljihu ta sa a tafinsa. Ya murza ta tsakanin yatsu, gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga.

"Kuloci. Sai ta... yi zafi."

"Sai ta yi zafi, Baba."

"Kin gwada... da zafinta?"

"Na gwada. Bai ƙi ba."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya juyo da ido ya dubi fuskarta, ya ga abin da kuka ya bari. Baba bai taɓa yi mata zancen Dogo ba, ko da yake ya san komai. Ya san da madubin ma.

"Wa ya... danna miki?"

Auta ta kifa goshinta a gefen katifar.

"Ummansa."

Ya ci gaba da juya washar. Can ya mayar mata da ita cikin hannu, ya rufe yatsunta a kai.

"Gobe," ya ce, "ki share... bencin nan. Za ki... yi baƙi."